Jinyar Maza da Mata Bayan Bugun Zuciya: Rarrabe Aya da Tsakuwa

Bugun zuciya, a ma'anar da likitoci suke nufi da shi, yana aukuwa ne idan ɗaya daga cikin jijiyoyin da suke ciyar da tsokar zuciya da jini ta toshe, galibi saboda fashewar wani kitse da ya daɗe yana taruwa a bangon jijiyar, wanda jini yake daskarewa a kansa har ya datse hanya, daga nan kuma sashen tsokar da jini ya yanke masa ya shiga mutuwa cikin 'yan sa'o'i. Jinyarsa mataki biyu ce. Na farko shi ne na gaggawa, wato buɗe jijiyar da ta toshe, ko dai da allurar da take narkar da gudan jinin, ko ta hanyar zura siririn bututu ta jijiyar hannu ko ta cinya har zuwa zuciya, domin a faɗaɗa wurin a kuma dasa wata 'yar ragar ƙarfe da ake kira sitent. Na biyu kuwa shi ne na dogon zango, wato magungunan da mutum zai ci gaba da sha don kada ciwon ya dawo, tare da motsa jiki a ƙarƙashin kulawar masana. Game da ko mace da namiji suna samun waɗannan matakai daidai wa daida, da kuma ko ya ma dace su same su iri ɗaya, maganganu sun yawaita a bakin jama'a da kafofin yaɗa labarai, wasu gaskiya ne, wasu gaskiya ce da aka yi wa ƙari, wasu kuwa ba su da tushe, alhali kowace daga cikinsu tana iya jawo jinkirin kai mace asibiti ko hana ta maganin da zai tsawaita kwananta.

Maganar da ta fi kowace daɗewa ita ce cewa bugun zuciya ciwon maza ne. Abin da ya ba ta ƙarfi shi ne maza sun fi kamuwa da shi, kuma yana riskarsu da wuri, domin binciken INTERHEART, wanda aka gudanar a ƙasashe 52 aka fara wallafa sakamakonsa a shekarar 2004, ya nuna cewa matsakaicin shekarun namiji a lokacin bugun zuciyarsa na farko 56 ne, na mace kuwa 65. Sai dai jinkirin zuwan cuta ba ya nufin an tsira daga gare ta. Kwamitin masana da mujallar likitanci ta Lancet ta kafa ya bayyana a 2021 cewa cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini su ne sanadin kashi 35 cikin 100 na mace-macen mata a duniya kowace shekara, kuma shi kansa INTERHEART ya gano cewa hawan jini da ciwon suga sun fi ƙara wa mace haɗarin bugun zuciya fiye da yadda suke ƙara wa namiji. A Najeriya ma, rajistar RACE-Nigeria da aka wallafa a 2022, wadda ta tattara bayanan marasa lafiya 1,072 daga asibitoci a sassan ƙasar, ta samu cewa kusan kashi biyu bisa uku maza ne, ma'ana a cikin kowane mutum uku da aka kwantar da wannan ciwo akwai mace guda.

Da aka fara wayar da kan mutane cewa mata ma suna kamuwa, sai wata sabuwar magana ta ɓullo, cewa mace ba ta jin ciwon ƙirji idan bugun zuciya ya same ta, gajiya da tashin zuciya da ciwon baya kawai take ji. Wannan ƙari ne mai haɗari. A binciken VIRGO, wanda ya bibiyi mata 2,009 da maza 976 masu shekara 18 zuwa 55 da aka kwantar a asibitocin Amurka, kashi 87 cikin 100 na matan sun ji ciwo ko nauyi ko matsi a ƙirji, adadin maza kuwa kashi 89.5 ne, wato tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Bambancin gaskiya shi ne mata sun fi zuwa da ƙarin alamomi da yawa a lokaci guda, kamar ciwon saman ciki, da bugawar zuciya da sauri, da ciwo a muƙamuƙi ko wuya ko tsakanin kafaɗu, kuma yawan alamomin nan yakan karkatar da hankalin mai ciwon da na ma'aikacin lafiya zuwa gyambon ciki ko damuwa. A cikin waɗanda suka je neman magani kafin a kwantar da su, kashi 53 cikin 100 na matan sun ce wanda ya duba su bai ɗauki abin a matsayin ciwon zuciya ba, yayin da kashi 37 na mazan ne suka faɗi haka.

Maganar da ta tabbata, kuma take da hujjoji masu nauyi, ita ce cewa mata ba sa samun jinya kamar yadda maza suke samu. A shekarar 1991 mujallar New England Journal of Medicine ta wallafa nazarin Ayanian da Epstein a kan asibitocin jihohin Massachusetts da Maryland, wanda ya nuna cewa an fi yi wa maza hoton jijiyoyin zuciya da aikin buɗe su, kuma a cikin wannan fitowa ne Bernadine Healy, mace ta farko da ta shugabanci cibiyoyin binciken lafiya na ƙasar Amurka, ta yi sharhin da ya shahara, inda ta nuna cewa ba a ɗaukar ciwon zuciyar mace da muhimmanci sai ya bayyana a siffar da aka saba gani a jikin namiji. Bayanan da suka biyo baya sun nuna cewa giɓin yana nan ko da bayan an tabbatar da bugun zuciyar. A ƙasar Suwidin, inda tsarin kiwon lafiya ya game kowa da kowa kuma kuɗi ba ya cikin manyan abubuwan da suke hana jinya, wani nazari da aka wallafa a 2017 a kan marasa lafiya 180,368 na tsakanin 2003 da 2013 ya gano cewa matan da babbar jijiya ta toshe musu gaba ɗaya sun gaza maza da kashi 34 cikin 100 wajen damar samun aikin buɗe jijiya, da kashi 24 wajen samun sitatin, wato maganin rage kitsen kolestarol a cikin jini, da kuma kashi 16 wajen samun asfirin, maganin da ba a rasa shi ko a ƙaramin kemis.

A Ingila da Wales ma labarin bai canja ba. Masu bincike na Jami'ar Leeds sun ba da rahoto a 2016 cewa yiwuwar a fara da kuskuren gane ciwon ta fi yawa ga mace da kashi 50 cikin 100, sa'annan a wani nazarin na daban suka ƙiyasta cewa mata sama da 8,200 da suka rasu tsakanin 2003 da 2013 za su iya tsira da a ce an ba su irin kulawar da aka ba maza. Abin lura a nan shi ne ba a wuri ɗaya ake tauye mace ba. Kaɗan-kaɗan ne abin yake taruwa, daga jinkirin isowa asibiti, zuwa jinkirin awon zuciya, zuwa rashin yin hoton jijiya, zuwa takardar sallama da aka rage wa magani ɗaya ko biyu, har ya zama rayukan da aka rasa.

Idan aka kawo waɗannan alƙaluma, akan samu masu cewa ai mata sun fi mutuwa ne saboda sun fi tsufa a lokacin da ciwon ya same su, kuma jikinsu ya fi rauni, don haka babu laifin kowa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, tun da macen da aka kawo asibiti takan kasance ta girmi namijin, kuma takan zo da hawan jini ko ciwon suga ko raunin ƙoda. Amma hujjar tana rushewa idan aka duba masu ƙarancin shekaru, domin nazarin Viola Vaccarino da abokan aikinta na 1999, wanda ya shafi marasa lafiya sama da 380,000 a Amurka, ya nuna cewa a cikin 'yan ƙasa da shekara 50 mace-macen mata a asibiti sun ninka na maza fiye da sau biyu, kuma tazarar tana raguwa ne yayin da shekaru suke ƙaruwa har ta ɓace bayan shekara 74. Nazarin Suwidin da aka ambata ya ƙara da cewa idan aka kwatanta mata da mazan da suka samu jinya iri ɗaya, mafi yawan tazarar mace-macen tana raguwa ƙwarai. Hujja mafi gamsarwa kuwa ta fito ne daga asibitin Cleveland Clinic, wanda ya ɗora wa ma'aikatansa tsari mai mataki huɗu a 2014 ga duk wanda aka kawo da cikakkiyar toshewar jijiya: likitan sashen gaggawa ya kira masu aikin buɗe jijiya kai tsaye, a bi rubutaccen jerin abubuwan da ake dubawa wajen miƙa marar lafiya, a wuce da shi ɗakin aiki nan take, a kuma fifita shiga ta jijiyar hannu. Bayan haka bambancin da ke tsakanin maza da mata wajen samun magunguna da saurin buɗe jijiya ya kau, tazarar mace-mace cikin kwana 30 kuma ta sauko daga kashi 6.1 zuwa kashi 3.2 cikin 100. Jikin matan bai sauya ba a tsakanin, tsarin aiki ne ya sauya.

Batun magunguna ya fi bukatar natsuwa, saboda a nan ne gaskiya da ƙarya suka fi cuɗanya. Ana cewa a jikin maza kaɗai aka gwada magungunan zuciya, saboda haka ba sa yi wa mata aiki. Rabin farko na maganar yana da tushe a tarihi, domin shahararren gwajin asfirin da aka kammala wallafawa a 1989 an yi shi ne a kan likitoci 22,071 waɗanda dukkansu maza ne, kuma sai a 1993 Amurka ta kafa dokar da ta wajabta shigar da mata cikin gwaje-gwajen da cibiyoyin lafiya na gwamnati suke ɗaukar nauyi. Har yau ma mata ba su kai rabin mahalarta gwaje-gwajen bugun zuciya ba. Rabi na biyu kuwa kuskure ne. A 2015 an haɗa sakamakon gwaje-gwaje 27 na sitatin da suka ƙunshi mutum kimanin 174,000, kashi 27 cikin 100 mata, aka samu cewa gwargwadon yadda maganin ya rage kolestarol, haka yake rage haɗarin sake toshewar jijiya ga mace kamar yadda yake yi wa namijin da haɗarinsu ya zo ɗaya. Ruɗanin da ake yi a kan asfirin ya samo asali ne daga binciken 2005 a kan mata 39,876 masu ƙoshin lafiya, wanda ya nuna cewa maganin ya rage musu shanyewar ɓarin jiki amma bai rage bugun zuciya a jimlace ba. Sai dai waɗannan mata ba su taɓa samun bugun zuciya ba, don haka sakamakon bai shafi wadda ciwon ya riga ya kama ba, wadda amfanin asfirin gare ta tabbatacce ne.

Bambancin da yake na haƙiƙa a wannan fanni shi ne na zubar jini. Mata sun fi maza fuskantar zubar jini bayan an ba su magungunan tsinka jini ko an yi musu aikin bututu, kuma wannan tsoro yana cikin abin da yake sa wasu likitoci su ja da baya. Amma nazarin asibitocin Amurka ya nuna cewa wani kaso na wannan zubar jini yana faruwa ne saboda an ba mace adadin da ya wuce ƙima, ba tare da la'akari da ƙarancin nauyinta da ƙarfin ƙodarta ba, kuma shiga ta jijiyar hannu maimakon ta cinya yana rage matsalar sosai. Maganin wannan haɗari ke nan shi ne a auna a daidaita, domin hana mace jinya gaba ɗaya don gudun zubar jini barin ta ne da haɗarin da ya fi girma. Haka nan akwai magungunan da ba a ba mai juna biyu, kamar dangin maganin hawan jini irin su lisinofiril, waɗanda kuma suka fi sa mata busasshen tari. A 2025 gwajin REBOOT da aka yi a Sifaniya da Italiya a kan mutum sama da 8,000 ya nuna cewa magungunan beta-buloka, masu rage saurin bugawar zuciya, ba su ƙara amfani ba ga waɗanda ƙarfin zuciyarsu bai ragu sosai ba bayan ciwon, kuma wani reshen nazarin ya nuna alamar cutarwa ga matan da zuciyarsu take da cikakken ƙarfi. Wannan sakamako bai shafi wadda zuciyarta ta yi rauni ba, kuma dakatar da irin wannan magani farat ɗaya yana da haɗari, saboda haka likitan da ya rubuta shi ne kaɗai zai yanke hukunci a kansa.

Akwai kuma imanin cewa idan hoton jijiyoyi ya nuna babu toshewa, to babu bugun zuciya, abin da ya samu matar tashin hankali ne kawai. Wannan imani ya cutar da mata da dama. Kimanin kashi 5 zuwa 6 cikin 100 na masu bugun zuciya ba a ganin babbar toshewa a jijiyoyinsu, yanayin da likitoci suke kira MINOCA, kuma a binciken VIRGO ya samu kusan kashi 15 na matan amma ƙasa da kashi 4 na mazan. Dalilansa sun haɗa da tsukewar jijiya na ɗan lokaci, da ciwon ƙananan jijiyoyin da hoto ba ya iya nunawa, da kuma tsagewar bangon jijiya haka kawai, wadda ake kira SCAD, wadda kusan kashi 90 cikin 100 na masu samunta mata ne, kuma ita ce kan gaba wajen haddasa bugun zuciya a lokacin goyon ciki da bayan haihuwa. A nan jinya takan bambanta da gaske, domin galibi akan bar tsagar ta warke da kanta ana ba da magani ana sa ido, tun da zura bututu yana iya ƙara yage bangon. Akwai kuma takotsubo, wani rauni na wucin gadi da yake kama zuciya bayan mummunan labari ko rashi, wanda aka fara bayyanawa a Japan a 1990, kuma mafi yawan masu samunsa mata ne da suka daina al'ada. Yana kama da bugun zuciya, yakan warke cikin makonni, amma yana iya kisa a kwanakin farko. Duk waɗannan bambance-bambance ƙarin bincike suke nema a yi wa mace, ba sallama da maganin gyambon ciki ba.

Awon jini ma yana da nasa bambancin. Turoponin wani sinadari ne da yake fita daga tsokar zuciya zuwa cikin jini idan ta ji rauni, kuma adadinsa a jinin mace mai lafiya ya gaza na namiji. Masu bincike a Edinburgh sun nuna a 2015 cewa amfani da ma'aunin da ya dace da mata ya ɗaga adadin matan da aka gano suna da bugun zuciya daga kashi 11 zuwa kashi 22 cikin 100. Abin baƙin ciki shi ne, da aka faɗaɗa tsarin a asibitocin Sikotilan, nazarin 2019 ya nuna cewa an gano ƙarin mata masu raunin zuciya, amma damarsu ta samun jinya ta tsaya kusan rabin ta maza, kuma makomarsu ba ta inganta ba.

Maganar cewa shan homon istirojin bayan ɗaukewar al'ada yana kare zuciyar wadda ta samu ciwon ba ta da inganci, domin gwajin HERS na 1998 a kan mata 2,763 masu ciwon jijiyoyin zuciya bai nuna wata kariya ba, sai ma ƙaruwar matsaloli a shekarar farko da kuma daskarewar jini a jijiyoyi. Ita kuwa maganar cewa mace ta fi tsira a hannun likita mace, ta samo asali ne daga nazarin 2018 a kan sassan gaggawa na jihar Florida tsakanin 1991 da 2010, wanda ya ga ƙaramar tazara a wannan fuska, ya kuma ga cewa tazarar tana raguwa ga likitoci mazan da suka saba duba mata ko suke aiki tare da likitoci mata da yawa. Darasinsa na horar da ma'aikata ne, kuma babban kuskure ne a tsaya jiran likita mace alhali tsokar zuciya tana mutuwa.

Bayan sallama, akan ɗauka cewa abin da ya fi dacewa da mace shi ne ta kwanta ta huta. Shirin farfaɗo da zuciya, wato motsa jiki daki-daki a ƙarƙashin kulawa tare da ilimantarwa a kan abinci da magani, yana rage komawa asibiti ga maza da mata baki ɗaya, amma mata ne aka fi ƙarancin turawa, kuma su ne suka fi yankewa a hanya saboda hidimar gida da rashin abin hawa, ga kuma ciwon damuwa da ya fi kama su bayan bugun zuciya. Kusan dukkan alƙaluman da aka kawo daga ƙasashe masu wadata suka fito, inda motar asibiti da ɗakin aikin bututu suke kusa. A ƙasar Hausa, inda irin waɗannan ɗakuna ba su da yawa kuma jinya daga aljihu ake biyanta, inda kuma mace takan jira izini ko kuɗin maigida kafin ta fita, jinkiri ne babban abin tsoro. Ya kamata kuma a bambance bugun zuciya da raunin zuciyar masu jego, wanda likitoci suka bayyana yawansa a Zariya tun shekarun 1970, wanda yake zuwa da kumburi da haki bayan haihuwa, domin cuta ce daban mai jinya daban, ko da yake ita ma asibiti take bukata da gaggawa.

Wajibi ne a kan magidanta da 'ya'ya da 'yan'uwa su garzaya da duk macen da ta koka da nauyi a ƙirji, ko haki na ba-zata, ko zufa mai sanyi tare da ciwon hannu ko muƙamuƙi, zuwa asibiti mafi kusa ba tare da jiran wayewar gari ba, musamman idan tana da hawan jini ko ciwon suga, su kuma tambayi likita a lokacin sallama ko an rubuta mata asfirin da sitatin, in ba a rubuta ba a faɗa musu dalili. Ma'aikatan lafiya kuwa, ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin zuciya na Turai da Amurka suka shimfiɗa ita ce a yi wa mai ciwon ƙirji awon ECG, wanda yake nuna tafiyar lantarkin zuciya, cikin minti 10 da isowarsa, kuma wannan ƙa'ida ta hau kan mace kamar yadda ta hau kan namiji.